Sirrin haɗi da haƙƙin mai saye

Matan da ke haɗa sabulun salo, dilka da man kaɗanya sukan ɓoye abin da suke zubawa, domin haɗin shi ne jarinsu, kuma kwaikwayonsa ba wuya. Hujjar tana da ƙarfi, sai dai NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna da aka kafa a 1993, tana buƙatar a rubuta sunayen sinadarai a jikin mazubi, yayin da ma'auni da tsarin dafawa, waɗanda su ne ainihin gwaninta, suke zama sirrin mai sana'a. Ɓoye sunayen kuwa shi ke ba marasa amana damar cusa sinadaran bilicin irin su hydroquinone, mai ɓata fata, cikin man da ake tallatawa da sunan na gargajiya.