Kafin a Kori Yaro Daga Makaranta

Jawabin kwamitin ilimi a taron shekara-shekara na 'yan asalin Ɗandamisa

 

A kowace shekara mukan taru mu yaba wa 'ya'yanmu da suka ci jarrabawa, kuma hakan daidai ne. A yau muna roƙon ku ba mu aron hankalinku a kan wani yaron dabam, wato ɗalibin sakandaren da aka yi wa gargaɗi, aka kira uban, aka dakatar da shi, saura takardar kora kaɗai.

Mun san yadda abin yake farawa a ƙasar Maƙarfi da Kudan da Ikara. Lokacin saran rake ko tsinkar tumatir ya zo, yaro ya yi fashin mako biyu don neman na kansa. Ya dawo ya tarar an wuce shi, karatu ya gagara, kunya ta koma taurin kai. Daga nan sai abokan banza, sai shaye-shaye. Gwamnatin Tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, amma ba ta haramta zaman banza ba. Idan aka kore shi, makaranta ta huta, gari kuwa ya ɗauki nauyi.

Ina irin wannan yaro yake ƙarewa? Gidan horon kangararrun yara da ke Kaduna hanya ce ta kotu, ba wanda yake yi wa ɗansa fatanta. Kuma ba mu manta da watan Satumba na 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fitar da mutane kusan 300, ciki har da yara, daga wani gida a Rigasa, wasu da mari a ƙafa. Da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, don sun rasa inda za su nufa.

A Ingila, doka ta wajabta wa hukuma ta sama wa ɗalibin da aka kora wurin karatu daga rana ta shida. Mu ma dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara, har zuwa aji uku na ƙaramar sakandare. Abin da muka rasa shi ne mataki tsakanin gargaɗi da kora.

Don haka muke ba da shawara kamar haka. Na farko, mu roƙi shugabannin makarantu da ƙungiyar iyaye da malamai kada a yanke hukuncin kora sai an sanar da wannan kwamiti, kuma sunan yaro ya ci gaba da zama a rajista. Na biyu, mu buɗe aji ɗaya a nan gida, inda malamanmu da suka yi ritaya za su riƙa koyar da Turanci da lissafi da safe. Na uku, da yamma a damƙa yaro ga mai sana'a amintacce: walda, ɗinki, kafinta ko gyaran injin ban-ruwa. Bayan zango guda a zauna a duba. Wanda ya natsu ya koma ajinsa. Wanda shekaru suka ja, a yi masa rajistar NECO ta masu zaman kansu ko jarrabawar NABTEB ta sana'o'i. 'Yan mata ma suna ciki, da malama mace.

'Yan'uwa mazauna birni, alawus ɗin malamai da kuɗin rajista daga gare ku za su fito. Mai gareji ko shago ya ɗauki yaro ɗaya. Hausawa suka ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya mai da kowa gidansa lafiya.