Ƙananan Babura Masu Aiki da Lantarki: Abin da Mai Hawa ke Dubawa

Tun da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya cikin watan Mayu 2023, maganar abin hawa mai batir ta yawaita, har ba mamaki a kawo shawarar saya wa masinja ko malamin asibitin gunduma. Saboda haka ya kamata a ji yadda abin ya kasance a wata ƙasa da ta riga ta gwada.

A ƙasar Jafan, shekara da shekaru masu raba wasiƙu suna hawan jan babur mai shan fetur. Cikin Janairu 2020 hukumar gidan waya ta fara ba su babur na lantarki, ƙirar kamfanin Honda, wanda a ke kira Benly e. An fara da guda 200 a yankin Tokiyo, daga baya aka yi ta ƙarawa.

Mai raba wasiƙa ba tafiya mai nisa ya ke yi ba. Tsayawa ya ke yi ƙofa ƙofa, ya sauka, ya hau, tun safe har la'asar. Ga irin wannan aiki babur ɗin ya dace ƙwarai. Ba shi da giya da za a riƙa canjawa da ƙafa, ba ya jijjiga mutum, ba ya hayaƙi, ba ya kuwa damun unguwa da ƙara. Har wa yau yana iya ja da baya a hankali, abin da duk wanda ya taɓa juya babur mai kaya cikin lungu zai san amfaninsa.

Amma fa wurin batir hankalin mai hawa ya ke. Kamfanin ya ce ƙaramin samfurin yakan yi kilomita 87, kimanin mil 54, kafin batir ya ƙare. Sai dai an auna wannan ne da gudu ɗaya na kilomita 30 cikin sa'a, ba tsayawa. In aka ɗora kaya, aka hau tudu, ko sanyi ya tsananta, tafiyar takan ragu. Cika batir kuwa yakan ci wajen sa'a 4. Abin da ya warware wannan shi ne batiran guda biyu ne, ana cire su. Ma'aikaci ya komo ofis, ya ajiye waɗanda suka yi rauni, ya ɗauki cikakku. Ko wane ɗaya nauyinsa wajen kilo 10, ba kuma kowa ke jin daɗin ɗagawa kullum ba.

A nan ƙasar sanyi ba shi ne abin tsoro ba. Zafin bazara ne ke rage kwanan batir, ga rairayi, ga wutar da ba ta tsayawa. Babur mai kyau a garin da ba wurin cika batir, jaki ya fi shi.

In har aka kawo irin wannan abin hawa gunduma, ana roƙon Hakimi ya sa malaminsa ya buɗe littafi. A rubuta nisan da aka yi ko wace rana, da ranakun da ya kwana ba a hau ba, da dalili, da kuma ko bakaniken garin ya iya gyara. A tambayi masinjan da kansa, shi kaɗai, ba a gaban wanda ya sayo babur ɗin ba.