Kiwon Kare a Gida: Amana da Rigakafi



Tun zamanin da, Bahaushe ya san amfanin kare wajen farauta da gadi. A yau ma'aikata da yawa suna ajiye shi a gidajensu saboda ɓarayi. To, amma duk wanda ya ajiye kare ya ɗauki amana biyu, watau ta dabbar kanta da ta mutanen unguwa.

Babban abin tsoro a sha'anin kare shi ne ciwon hauka. Ƙwayar cutar tana cikin yawunsa, cizo ke shigar da ita jikin mutum, ta bi jijiyoyi har ƙwaƙwalwa. Da zarar alamunta sun bayyana, kamar tsoron ruwa, da wuya mai ciwon ya tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe kimanin mutum 59,000 kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma da yawansu yara ne.

Alhali kuwa rigakafinta ya daɗe da samuwa. Tun a 1885 Louis Pasteur ya ceci wani yaro da allura a Faransa. A Nijeriya ma, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana yin allurar karnuka. Saboda haka wajibi ne a kai ɗan kwikwiyo asibitin dabbobi yana da wata 3, a riƙa maimaita allurar kowace shekara. Masana sun tabbatar cewa in kashi 70 cikin 100 na karnukan gari suka sami allura, cutar takan daina yaɗuwa.

Bayan allura sai kulawa ta yau da kullum. Kare yana bukatar inuwa, ruwa mai tsabta, da maganin kaska da na tsutsar ciki. Kada a ba shi albasa ko cakulan, domin guba ne a gare shi, ko dafaffen ƙashin kaza, domin yakan tsage ya soke hanji.

Game da horo kuwa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A koya masa amsa kira tun yana ƙarami, a saka masa da loma in ya bi umarni. Duka da ɗauri dare da rana mafaɗaci suke mai da shi. Haka kuma a hana yara jifarsa, ko taɓa shi yana cin abinci.

In kuwa tsautsayi ya auku ya ciji wani, a wanke raunin da sabulu da ruwa har minti 15, a garzaya asibiti a ranar, kada a tsaya ga maganin gida. Karen kuma a killace shi kwana 10, likitan dabbobi yana duba shi.

Wanda ba zai iya sauke wannan nauyi ba, gara ya haƙura da kiwon kare. Allah ya kiyaye, amin.