Tiyatar Zuƙe Kitse



Mu da muka tashi tsakanin Jega da Aliero da Maiyama mun saba ganin ana kawo mai karaya Aliero daga uwa duniya domin a yi masa ɗori. Shi wannan lalura ce ta kawo shi. Abin da za mu tattauna yau kuwa aiki ne da ake yi wa mai lafiya, da kuɗinsa, da yardarsa, wato tiyatar zuƙe kitse.

Likita yakan ɗura ruwan gishiri mai haɗe da maganin kashe zafi a ƙarƙashin fata, sa'an nan ya ɗan tsaga ta, ya zura siririn bututun ƙarfe yana kai da komo da shi, na'ura tana tsotse kitsen. Wani likitan Faransa mai suna Illouz shi ne ya kyautata dabarar a ƙarshen shekarun 1970.

Amma fa bututun nan kitsen ƙarƙashin fata kaɗai yake ɗebewa. Wanda ya lulluɓe hanji da hanta, abokin tafiyar ciwon sukari da hawan jini, yana nan daram. Ke nan ana iya rage tumbi a bar cuta.

Haɗarin kuwa mun gan shi a gida. Ranar 23 ga Oktoba, 2005, Stella Obasanjo, uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, ta rasu a ƙasar Sifen bayan an yi mata wannan aiki. Bututun ya huda mata hanji. A 2009 kotun can ta yanke wa likitan ɗaurin shekara guda saboda sakaci. In haka ta sami mai wannan gata, ina ga ƙaramin ma'aikacin da ya ci bashi ya tafi inda ya fi araha?

Wani abin mamaki, a garuruwanmu ƙiba ake nema: ƙannenmu mata suna shan ƙwayoyin "sha ka fashe" don su cika ido, alhali wasunsu na tada sukari, su kumbura fuska. Masu ƙarawa da masu ragewa duk tsoron bakin mutane ne yake kora su.

Wanda duk ya nace sai an yi masa, to, kafin ya kwanta ya tambaya: likitan yana da rajista da hukumar likitoci ta ƙasa? Wa zai ba da maganin barci? Akwai jini a ajiye in abu ya ɓaci?