KAFSO AMANA NE, BA ALEWA BA NE

Wannan shi ne taƙaitaccen jawabin da wani ɗan'uwa likita ya gabatar wa matasa bayan sallar Isha'i a Ƙofar Kuyambana, cikin birnin Zariya. A sha karatu lafiya.

Bayan godiya ga Allah (T) da salati ga Manzo (S), likitan ya ce abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne yadda 'yan'uwa ke shiga kemis su sayi Ampiclox ƙwaya biyu saboda mura. Ya ce mura bairus ke kawo ta, kafso kuwa bakteriya yake kashewa, saboda haka an yi asarar kuɗi, sannan an koya wa ƙwayoyin cutar da ke jiki jure wa magani. Fleming ma, wanda ya gano penisilin a 1928, ya yi wannan gargaɗin tun 1945.

Ya ci gaba da cewa sakamakon a gadon asibiti ake ganin sa. Za a kawo yaro Shika ko asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, a ba shi amoxicillin mai araha ya ƙi ci, a koma allurar ceftriaxone ta ƙi, sai a nemi meropenem, wanda sai uba ya sayar da akuya ko keke. "Kai ka sha kafson ganganci, talaka maƙwabcinka ne zai biya," in ji shi.

Ya bayyana cewa binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya nuna mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma in an duba yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi jin jiki. Ya ce tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa magungunan nan gida uku: na farawa, na taka-tsantsan, da na ajiya sai ta ɓaci. Asibitin da ya san amana, in ji shi, yakan yi gwaji ya gano ƙwayar, kuma bayan kwana biyu ko uku ya sake duba allurar, in da hali ya mayar da majinyaci kan ƙwaya mai sauƙin kuɗi.

Daga ƙarshe ya ja kunnen 'yan'uwa da kada su matsa wa likita sai ya rubuta allura, kada su sha ragowar maganin wani, kuma su cika kwanakin da aka ɗibar musu, domin Musulunci ya hana almubazzaranci da cutar da maƙwabci. Allah Ya sa mu dace, amin.