Duwatsu Bakwai Na Gindin Tsamiya: Jawabin Magatakardan Liman A Ranar Aza Harsashin Masallaci A Katabu

 

Muna gaida wakilin Hakimi, da Dagaci, da masu unguwanni, da malamanmu, da iyayenmu mata da ke zaune a rumfar baya, da dukan waɗanda suka bar sana'arsu suka zo. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya mai da baƙinmu gidajensu lafiya.

Malam Liman, Allah ya ƙara masa lafiya, shi ya umurce mu da mu tsaya a gabanku kafin a aza tubalin farko, mu faɗi abin da muka sani game da wannan fili da mutanen da suka riga mu yin sujada a cikinsa. Mun so mu kawo uzuri, don kuwa akwai dattawa a nan waɗanda suka ga abin da mu jinsa kawai muka yi. Amma ya ce dattawa sun sha faɗi da baki, yanzu yana so a sa a takarda. Saboda haka muka bi gida gida muna tambaya, muka haɗa da abin da muka ji daga kakanmu a zaure muna yara, bayan an tashi daga karatun dare. Inda muka yi kuskure, iyayenmu su gyara mana.

Ƙasar nan da muke tsaye a kanta ƙasar Zazzau ce, kuma tsohuwa ce. Turunku, wadda yau take hedkwatar Ƙaramar Hukumar Igabi, a nan sarakunan Zazzau suka zauna kafin a koma inda birnin Zariya yake, kuma da sunanta ake kiran Bakwa Turunku, wanda tarihi ya danganta Sarauniya Amina da gidansa. Gwarawa, watau Gbagyi, suna noma a kewayen kogin Kaduna tun babu garin Kaduna. Fulani kuma suna ratsowa da shanunsu kowace shekara. Mun fara da wannan ne don kada wani gida a cikinmu, har da namu, ya ɗauka shi ya fara shan ruwan wannan wuri.

Abin da ya kawo kakanninmu kuwa, ƙarfe ne da kuza. A cikin shekarar 1911 hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Baro ta isa Kano, ta bi ta Rigachikun da Zariya. A wannan lokaci Turawa sun dukufa kan haƙar kuza a ƙasar Jos, ga shi babu jirgin da yake kaiwa can. Sai aka sari hanya daga tashar Rigachikun zuwa Naraguta, mutane suka riƙa ɗaukar kaya a ka, su kai kayan aiki, su komo da kuza. Su ne ake ce wa 'yan alaro. Kakan mahaifinmu ɗaya ne daga cikinsu. Mutumin ƙasar Katsina ne, ya fito neman kuɗin haraji da nufin ya yi rani ɗaya ya koma. Kakanmu ya ce har mahaifin nasa ya rasu akwai wani wuri a tsakiyar kansa da gashi bai sake tsirowa ba, saboda gammo.

To, kamar yadda muka ji, ayarinsu yakan ya da zango a gindin tsamiyar nan da kuke gani a kudu da rumfa, domin akwai inuwa, kuma ruwa bai yi nisa ba. A cikin ayarin akwai wani gardi, mutumin Zariya, wanda ya sauke Alƙur'ani amma rashi ya sa shi ɗaukar kaya. Shi ne ya ce bai kamata Musulmi su yi ta kwana a wuri ba su da inda za su tsaya sahu. Suka ɗebo duwatsu daga bakin rafi suka kewaye wuri kamar faɗin tabarma huɗu, suka share, suka zuba rairayi. Wannan shi ne masallacin farko. Ba shi da rufi, ba shi da ƙofa, ladaninsa kuwa duk wanda ya riga tashi. Wannan gardi shi ne kakan mahaifin Malam Liman.

Ba a daɗe ba aka shimfiɗa ƙaramar hanyar jirgi daga Zariya, wadda ta isa Jos da Bukuru a 1914, sai cinikin 'yan alaro ya mutu. Waɗansu suka koma garuruwansu. Waɗansu suka nufi sabon barikin da Gwamna Lugga ya zaɓa a bakin kogi, inda aka mai da hedkwatar Arewa daga Zungeru a 1917. Mutum uku suka zauna. Da gardin nan, da kakan mahaifinmu, da wani Babarbare mai sayar da kanwa wanda jakinsa ya mutu a nan, ya ce inda jaki ya tsaya nan shi ma ya tsaya. Suka je suka gai da mai ƙasa, aka yanka musu daji suka sare. Babarbaren nan shi ya haƙa rijiyar da ke bayan tsamiya. Jikokinsa suna zaune a sahun gaba, kuma in ba an gaya maka ba, ba ka cewa asalinsu Barno ne, sai fa in ana wasa da su da Fulanin unguwa.

Akwai labari guda da kakarmu takan ba mu, ba ta taɓa gama shi ba tare da ta share ido ba. A lokacin yaƙin Hitila, tsakanin 1942 da 1944, Turawa suka matsu da kuza, aka riƙa ɗibar mutane ala tilas daga lardunan Arewa ana kai su ramukan Jos. Ɗiban gwamna ake ce masa. Aka ɗauki ƙanen kakanmu, saurayi, an sa ranar aurensa bayan kaka. Sanyin dutse da ƙarancin abinci sun kashe mutane da yawa a can, shi ma bai komo ba, ba kuma wanda ya san kushewarsa. Mahaifiyarsa ta ɗauki shanun da aka tara don aurensa, guda biyu, ta ce a sayar a yi wa masallaci rufi, ladan ya je masa. Da kuɗin aka kira magini ya ta da bango da tubali, aka jera azara, aka yi daɓe, aka shafe da makuba. Saboda haka soron da iyayenmu suka yi salla a ciki, mace ce ta gina shi, sunanta kuwa bai taɓa shiga wata takarda ba. Muna roƙon iyayenmu mata da ke rumfar baya su ji wannan da kyau, don mun san akwai masu ganin ɗan abin da suka tara daga ƙuli-ƙuli da ƙosai bai kai a kawo ba.

Daga nan gari ya yi ta buɗewa. Zamanin Sardauna, Allah ya jiƙansa, aka buɗe masaƙar Kakuri a 1957, samarinmu suka shiga aikin albashi. A 1962 aka kafa Jama'atu Nasril Islam, aka kuma gina masallacin Sultan Bello a Unguwar Sarki. Mahaifinmu yakan hau keke a watan azumi ya tafi can sauraren tafsirin Shehu Abubakar Gumi, ya komo bayan isha'i ya tarar da kakanmu, wanda shi mutumin wuridi ne, yana jiransa a zaure. Sukan yi muhawara har kakarmu ta aiko a ce tuwo ya huce. Da asuba kuma ka gan su kafaɗa da kafaɗa a bayan liman guda. Mun ga ƙarshen wannan da idonmu, muna kuma ganin ya fi kyau a tuna da shi yau fiye da kowace rana. A shekarar da aka canja kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo, watau 1973, shekarar fari, aka cire rufin ƙasa aka buga kwano. Jaji ta cika da sojoji, musamman bayan an buɗe kwalejin manyan hafsoshi a 1976. Da aka mai da hanyar Kaduna zuwa Kano tagwaye, Mararrabar Jos ta zama zangon manyan motoci, direbobi daga Maiduguri da Legas da Fatakwal suka zama abokan sahunmu. Zango dai ya koma zango, jakuna ne kawai suka zama tirela.

Sa'an nan waɗansu suka zo mana ba da son ransu ba. Bayan rikicin Kaduna na 2000 da na 2002, iyalai da yawa suka bar gidajensu na ƙetaren kogi suka yiwo arewa. A 'yan shekarun nan kuma 'yan'uwanmu daga ƙauyukan Birnin Gwari da Giwa, har da na cikin Igabi kanta, sun gudo daga ta'asar 'yan bindiga, wasunsu da tufafin jikinsu kaɗai. Su ne suka cika masallaci har sahu ya fito waje, ya kai gindin tsamiya, da damina mutane suna salla ruwa na dukansu. Dalilin wannan gini ke nan.

A nan ne Malam Liman ya ce kada mu ɓoye kome. Filin da za a faɗaɗa a kansa gado ne na gidaje uku, na mutum ukun nan da muka ambata. Da maganar gini ta taso, an sami mai son sayen gefen titi don ya kafa gidan mai, kuɗin da ya taya kuwa ba kaɗan ba ne. A cikin magada akwai marayu, akwai matan da mazansu suka rasu, akwai wanda ake binsa bashi. Ba mu ga laifin wanda zuciyarsa ta karkata ba. An yi zama ya fi sau biyar a zauren Malam, an ɗaga murya, wani ma ya yi fushi ya daina zuwa jam'i har sati uku. Abin da aka tsayar a ƙarshe shi ne, manya masu hankalin kansu sun ba da rabonsu waƙafi, rabon marayu kuwa Malam ya ce ba mai ikon kyauta da shi, don haka aka yi masa kima aka biya daga gudummawarku, aka damƙa wa waliyyansu a gaban shaidu. Wanda ya yi fushin nan shi ya fara sa hannu. Takardar tana wurinmu, an kai ɗaya wurin Dagaci, duk mai son gani ya zo ya gani. Daga yau filin ya fita daga hannun gidajen uku, ba mai sayarwa, ba mai gada.

Mun jaddada wannan ne saboda wata magana da ta fara yawo, wai kwamitin masallaci da limanci da ladanci na 'yan asali ne, baƙi su kawo kuɗi su yi shiru. Ta fito daga bakin wasu 'ya'yan gidajenmu, shi ya sa ta fi yi mana ciwo. Jama'a, ai kun ji asalin. Bakatsine mai gammo, da Bazazzagi mai allo, da Babarbare mai mataccen jaki. In da mai ƙasa ya ce musu baƙi ne su wuce, da yau ba mu san inda muke ba. Mutumin da ya gudo daga Birnin Gwari bara, bambancinsa da kakan mahaifinmu shekara ɗari ne da 'yan kai. Malam Liman ya yanke cewa kwamiti zai haɗa kowane ɓangare na unguwa, da 'yan kasuwa, da direbobi, da waɗanda suka zo daga baya. Na'ibi kuma za a zaɓe shi ne bisa karatu da hali.

Saura magana biyu game da ginin kansa. Ta farko, za ku lura igiyar da magina suka ja ba ta bi bangon tsohon masallaci daidai ba, ta ɗan karkata hagu. Ba kuskure ba ne. Kakanninmu sun fuskanci mafitar rana sak, alƙiblar wannan yanki kuwa gabas ce maso arewa, kimanin digiri 23 daga gabas. An auna, an sake aunawa. Wani dattijo ya zo wurin Malam hankalinsa a tashe yana tambayar sallolin iyayensa. Malam ya ce masa sun yi iyakar ƙoƙarinsu da abin da suke da shi, sun kuma fuskanci jihar, ya kwantar da ransa.

Ta biyu, da aka fara haƙar harsashi, birkila ya ci karo da duwatsu a jere ƙarƙashin tsohon daɓe, masu santsi, irin na bakin rafi. Bakwai aka samu. Dattijon da ya fi kowa shekaru a unguwa ya zo ya duba, ya ce su ne. Mai zanen gini ya so a zubar da su, a sare tsamiya, a cike rijiya, don fili ya yi sarari. Muka tuna masa da masallacin Juma'a na birnin Zariya, wanda Babban Gwani ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Da aka tashi sabunta shi a shekarun 1970, sabon gini aka kewaya aka bar tsohon aikin gwani a ciki. Namu bai kai ko kusurwar wancan ba, amma shi muke da shi. Aka yarda tsamiya ta tsaya, rijiya a ɗaure bakinta a yi mata murfi ta zama wurin alwala. Duwatsun kuwa za su koma cikin harsashi a bangon gabas. Kada wani ya ce ana neman tubarraki da dutse. Dutse dutse ne, gini ya fara, gini zai ci gaba da yi.

Lissafin abin da aka tara da abin da ya saura yana shafin ƙarshe na wannan ɗan littafi, kuma ma'aji zai riƙa karanta shi kowace Juma'ar farkon wata bayan la'asar. Mun bar shafi biyu babu rubutu. Duk wanda ya san sunan wani da ya yi wa tsohon masallaci hidima, namiji ko mace, ko da share daɓe ne ko cika randa, ya same mu a zauren Malam bayan azahar mu rubuta, don a sa su cikin addu'a ranar buɗewa.

Allah ya jiƙan waɗanda suka jera duwatsun nan, ya jiƙan wanda ya kwanta a Jos da mahaifiyarsa, ya ba mu ikon gamawa. Yanzu muna roƙon babban kowane gida daga gidajen uku ya taso ya ɗauki dutse ɗaya. Sauran huɗun, Malam ya ce na shugabar mata ne, da shugaban direbobi, da dattijon 'yan Birnin Gwari, da ƙaramin almajirin makaranta. Ku biyo Malam Liman zuwa bakin rami.