Ɗan kaso mai fita aiki da rana

Hirarmu ta yau a kan gidan kaso take.

Ku duba, in aka kulle magidanci wata shidda saboda ƙaramin laifi, ba shi kaɗai aka hukunta ba. Aikinshi ya tafi, mata da ɗiya sun rasa mai ciyar da su, bashi ya yi ta taruwa. Ranar da aka sake shi ya fito hannu wofi. Mai hannu wofi kuwa bai da wuyar komawa ga laifi.

Don maganin wannan, a shekarar 1913 jihar Wiskonsin ta ƙasar Amurka ta kafa wata doka da ake kira dokar Huba, da sunan ɗan majalisar da ya kawo ta. Ga yadda take aiki. Alƙali shi ke ba ɗan kaso izini. A buɗe mishi ƙofa, ya tafi wurin aikinshi, in ya tashi ya dawo kaso. Albashin ba ya shiga aljihunshi. Hukuma ke riƙewa, ta cire kuɗin abincinshi da na mota, ta ba iyalinshi nasu, ta rage bashi. Abin da ya saura a ba shi ranar sallama. Wanda ya fita bai dawo ba, ya zama mai gudu daga kaso, sabon hukunci na jiran shi. A shekarar 1965 gwamnatin tarayyar Amurka ita ma ta buɗe wannan hanya a gidajen kasonta.

Wani zai ce, to ina horon? Horon na nan. Mutum bai kwana gidanshi, bai zuwa biki, bai zaman hira. Abin da aka bar mishi guda ne, neman halaliya.

A shekarar 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda Nijar ke cikinta, ta amince da ƙa'idodin Nelson Mandela. Sun ce a biya ɗan kaso ladan aikinshi, ya aika ma iyali wani kashi, a ajiye mishi wani.

Amma doka ba ta ɗaukar ma'aikaci. Ku masu gareji, masu ɗinki, masu gonaki, ku ke ɗauka. In wanda ya gama wa'adinshi ya zo muku neman aiki, me za ku ce mishi? Ku tattauna wannan a zamanku na karatu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai wani mako, in Allah ya kai mu.